Amsoshin Tambayoyinku: Faɗuwar Gaba Ranar Jarrabawa

Masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Takardar farko ta wata ɗaliba ce daga unguwar Birni, mai shirin zana bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Ta ce tana karatu ba dare ba rana, amma da an raba takardu sai gabanta ya yi ta dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, kai ya ɗauke.

Ƙanwata, karatunki yana nan. Jiki ne ya ɗauki zauren jarrabawa a matsayin wurin haɗari, ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta hau gudu. Maganinsa sabo. Ki nemo tambayoyin shekarun baya, ki zauna kan kujera da tebur, ba kishingiɗe kan tabarma ba. Waya ta tafi wani ɗaki, littafi a rufe, agogo a gabanki, ki ba kanki daidai lokacin da za a ba ki ranar. Bin darasi da ido yana yaudara: sai mutum ya ga kamar ya iya, alhali ganewa kawai ya yi. Wanda ya rubuto amsa da ka shi ya san inda yake da rauni, tun da sauran lokacin gyara.

Ranar kuwa, kada ki yi saurin ɗaukar biro. Ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6, kamar sau biyar. Sannan ki fara da tambayar da kika fi sani. Kuma 10 bisa 20 ake nema a jimilla, ba 20 ba. Tambaya ɗaya ba ta kayar da mutum.

Sai wani mahaifi daga Mirriya. Ɗansa mai shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, yana kwana a fada, wato majalisar samari, ana dafa shayi ana karatu har asuba. Ya ce ko ya ƙyale shi?

A'a, Alhaji. Cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya, kuma yaro mai shekarunsa yana bukatar awa 8 zuwa 10. Shayi mai kauri ma ƙara bugun zuciya yake yi. A sa ido kan ƙwayar tiramol, don akwai masu ruɗin yara da sunan ƙarin ƙarfi. Ku kuma iyaye, a rage faɗin “kar ka ba mu kunya”, nauyi yake ƙara wa yaro. In tsoron ya kai ga hana shi ci ko barci kwanaki a jere, a kai shi asibiti a duba shi.