Fam miliyan 15, amma wa ya duba salansa?

Jama'a masu saurare barkanmu da war haka. Jiya a majalisa ana hirar ƙwallo sai aka tuno da Emiliano Sala, wani ya kada baki ya ce ai kwana ne ya ƙare kawai. To wa ya ce kwana ba ya ƙarewa? Ba musu. Ni dai tambayata ɗaya ce, wa ya duba salansar jirgin nan?

Ga wanda ya manta, Sala ɗan Ajantina ne mai shekara 28, kulob ɗin Cardiff ya saye shi daga Nantes ta Faransa kan fam miliyan 15. Daren 21 ga Janairun 2019 ya taso daga Nantes zuwa Cardiff a wani ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, Piper Malibu ƙirar 1984, shi da direba David Ibbotson, suka faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Da aka ciro gawarsa aka auna jini, sai ga gubar hayaƙi ta kai kashi 58 cikin 100. Irin hayaƙin janareton nan da muke jin ya kashe iyali guda a ɗaki suna barci, shi ne dai, ba wari ba kala, sai dai kai ya yi nauyi tunani ya rikice.

Ta ina ya shiga? A irin waɗannan jirage iskar da ke ɗumama ciki a jikin bututun salansa take samun zafi, to in bututun ya tsage ko da ƙanƙanin wuri ne, hayaƙi ya samu ƙofa. Nan masu bincike na Birtaniya suka fi karkata a rahotonsu na 2020, kuma suka ce duban da aka saba yi wa salansa ba ya kawar da wannan haɗari gaba ɗaya. Sannan babu na'urar gano hayaƙi mai yin ƙararrawa a jirgin, alhali na'urorin gano hayaƙi ana samun su har irin ta ɗan kati da ake mannawa gaban direba, ya canza launi in guba ta shigo. Ɗan kati fa jama'a! An zuba fam miliyan 15 a ƙafar mutum, haba.

Wani zai ce ai laifin direba ne, ba shi da lasisin ɗaukar fasinjan kuɗi, ba shi da izinin tuƙin dare. Gaskiya ne, shi ma jirgin ba shi da izinin haya, ana kula da shi ne a matsayin na gida, kuma mutumin da ya shirya tafiyar, David Henderson, kotu ta ɗaure shi wata 18 a 2021. Amma ka ɗauko gwanin gwanaye ka shaƙa masa wannan hayaƙin mu ga ko lasisi zai riƙe masa sitiyari. Mu koma kan salansa.

Abin da ya fi ci min rai ma, tun a hanyar zuwa Nantes, kafin wannan tafiya ta ƙarshe, direban ya ji wata ƙara mai ƙarfi a tsakiyar teku, ya faɗa da bakinsa. Shi kansa Sala a daren haɗarin yana zaune a ciki ya tura wa abokansa saƙon murya cewa jirgin kamar zai wargaje. Mai Keke Napep in ya ji baƙuwar ƙara sai ya gangara gefen titi ya kira bakanike, a sama kuwa ina gefen titin yake? Duk da haka aka tada inji cikin dare, a tsakiyar hunturu lokacin da dole a kunna hita. Gawar Ibbotson har yau ba a gan ta ba.