Rama ma suna ta tara: daga bakin kogin Liffey

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, Dublin ke nan, babban birnin Ireland, sai a hankali. Yau kalmomin Turanci na rama za mu duba.

Bari in juya kyamara. Kun ga mutanen nan a tsaitsaye bakin kogin Liffey? Mutum-mutumi ne na tagulla, Rowan Gillespie ya ƙera su, aka kafa a 1997 don tunawa da yunwar da ta auka wa Ireland daga 1845 zuwa 1852, bayan cuta ta ruɓar da dankalin turawa. Eh, shi dai wanda muke soyawa da ƙwai. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu wajen miliyan ɗaya kuma suka tsallaka teku.

Abin da ya kawo ni nan, wata kunya ce da na sha. Wata abokiyar aikina ta dawo daga jinya, na tausaya mata na ce "you are slim", nufina "sannu, kin rame". Baiwar Allah sai ta washe baki tana godiya! Ashe yabonta na yi. Slim siriri ne mai kyan gani, irin wanda ake biyan kuɗin motsa jiki a samu. Thin ba yabo ba zagi. Skinny kuwa ta fara ɗanɗanon gori, kada ka jefi wanda ba ku saba ba da ita.

To waɗannan bayin Allah ba ɗaya da ta dace da su. Tasu ita ce emaciated, wato ƙanjamewa, ramar da yunwa ko ciwo ya cinye tsoka. Ku matso mu ga fuskar wannan. Kumatu sun faɗa, ido ya zurma. Wannan shi ne gaunt, kuma galibi fuska ake nufi. In haƙarƙari ya fito har ana ƙirgawa, sai a ce skeletal, kamar ƙwarangwal. A hira kuma za ku ji skin and bones, fata da ƙashi, babu sauran nama.

Na asibiti daban ne. Yaron da tamowa ta ramar, nauyinsa bai kai na tsawonsa ba, wasting suke rubutawa. Wanda ya tsumbure bai yi tsawon shekarunsa ba, stunting. Kwashiorkor ma, wata irin cutar tamowa, da muke ji kamar Turanci, daga harshen Ga na Ghana aka aro ta, kuma mai ita kumburi yake yi, har wanda bai sani ba ya zaci ƙiba ce.

Af, na kusa mantawa da karen can da ke bin su a baya. Shi scrawny za a ce masa, kamar kazar da ta sha rani. Ruwa ya sauko, bari in nemi mafaka.