Takardar da Ya Kamata Ta Bi Kowace Jarkar Sinadari Zuwa Kicin

Ku dubi wannan kwalbar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Kwalbar ruwan sha ce, abin da ke ciki garau, babu rubutu ko ɗaya a jikinta. Wanda ya juye bilic a ciki jiya ya san abin da ya zuba, amma yau yana hutu. Wanda ya karɓe shi fa, ta yaya zai sani?

Duk gidan abinci, ƙarami ne ko babba, yana aiki da sinadarai: bilic, maganin wanke murhu mai soda a ciki, na cire maiƙo, na kashe ƙwari. Kowannensu yana da takardarsa daga kamfanin da ya haɗa shi, wadda ake kira SDS, wato takardar bayanin kariya. Idan mai kawo muku kaya bai haɗo da ita ba, ku nema, kada ku ji nauyi.

Takardar tana bin tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato tsarin bai-ɗaya na rarraba sinadarai da sa musu alamun haɗari, wanda aka fara bugawa a 2003. Sashe 16 gare ta, kuma jerin ba ya canzawa, ko wane kamfani ne ya rubuta. Wannan ne daɗinta. Wanda ya san ta ba ya lalube. Sashe na 1 yana ɗauke da sunan kayan da lambar wayar gaggawa. Na 2 ya faɗi haɗarin, da alamun nan masu jan gefe, kamar hoton wuta ko na ruwa yana cin hannu. Na 7 ajiya, na 8 kayan kariya irin su safar hannu da tabarau.

Amma ku tsaya a sashe na 4, taimakon gaggawa. A ce maganin wanke murhu ya fantsama a idon ma'aikaciya. Tana ihu, abokan aikinta sun rikice, wani yana cewa a sa mai, wani yana cewa a goge da tsumma. Takardar za ta ce a wanke idon da ruwa mai gudana, galibi na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti da takardar a hannu don likita ya ga abin da ya shiga idon. To in fayil ɗin yana kulle a durowar manaja, shi kuma ya tashi tun magariba? Abin da ya fi damuna ke nan. Takarda tana nan, amma ba ta kusa da mai buƙatarta.

Sashe na 10 kuma yana gaya muku abin da bai kamata a haɗa ba. Bilic da asid suna fitar da iskar kilorin mai shaƙe numfashi. Bilic da amoniya ma guba suke tayarwa. Mai aiki da zuciya ɗaya zai iya gauraya biyu don wuri ya fi fita, bai san abin da ya jawo ba.

Saboda haka ku shiga sito da biro, ku rubuta duk sinadarin da ke ciki, ku tabbatar kowanne yana da takardarsa. In kun sauya kamfani, ku cire tsohuwa, domin bayanin wancan ba lallai ya dace da wannan ba. Fayil ya zauna inda kowa zai miƙa hannu ya ɗauka, nesa da abinci kamar yadda su kansu sinadaran suke. Idan a waya ko kwamfuta kuke ajiyewa, a samu kwafin takarda saboda ranar da babu intanet. Sabon ma'aikaci a zauna da shi a karanta masa da yaren da yake ji, a rubuta ranar, ya sa hannu. Masu duba tsafta sukan tambayi wannan.

Ita kuma kwalbar nan, a zubar da abin da ke ciki yadda sashe na 13 ya ce, a kawo mazubin da aka tanada, a rubuta sunan sinadarin da yawan ruwan da aka sirka shi da shi, a manna a jiki kafin a zuba ko ɗigo.