Sharhi: Ciwon Hanta Samfurin C da Ciwon Suga a Jiki Ɗaya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan cututtuka biyu ne da yawancinmu ke gani kamar ko hanya ba ta haɗa su ba: ciwon hanta samfurin C da ciwon suga.

Ku ɗauki magidanci ɗan shekara 45 da ya je asibiti zai ba ƙaninsa jini. Aka gwada, aka ce nasa ba zai yiwu ba, yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta ta C. Shi kuwa bai taɓa kwanciya ba, idonsa bai taɓa yin irin launin masu shawara ba. Aka yanka masa kati, aka tura shi wurin likitan hanta. Abin da bai gaya wa likitan ba, don bai ga haɗinsu ba, shi ne ya kwana biyu yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare, maƙogwaro na bushe masa ko yanzu ya ajiye moɗa, wando kuma ya fara yi masa yawa. Uwargida ma ta lura tururuwa na taruwa a makewayi bayan ya fito.

To, haɗin yana nan. Hanta ita ce rumbun suga a jikin ɗan'adam. In an ci tuwo suga ya hau cikin jini, sinadarin insulin ne ke umurtar hanta ta kwashe ta adana, ta kuma dakata da sakin wanda ke hannunta. Ƙwayar cutar C a cikin hanta take zaune, tana lalata hanyar da wannan umurni ke bi, ga kumburin da take haddasawa shekara da shekaru. Sai insulin ya yi ta magana, hanta ta yi kunnen uwar shegu. Jiki ya ƙara fitar da insulin, ya ƙara, har ya gaji, suga ya samu wurin zama a jini.

Tun a shekarar 2000 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka duba bayanan lafiyar mutum sama da 9,000. Suka gano cewa daga shekara 40 zuwa sama, mai ɗauke da cutar C ya fi wanda ba shi da ita yiwuwar samun ciwon suga nau'i na biyu fiye da ninki uku. Ba kowa ne zai kamu ba, a gane. Shekaru da ƙiba da gado su ne ke tura motar, cutar hanta kuma ta ƙara mata mai.

Ɓarnar ma ba ta tsaya a gefe guda ba. Suga in ya yi yawa yana tara kitse a hanta, yana gaggauta ƙandarewarta, yana kuma ƙara haɗarin sankarar hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke ɗauke da cutar C, kuma kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na waɗanda ta zauna musu hantarsu kan ƙandare cikin shekara 20. Mai suga yana cikin waɗanda abin ke riska da wuri.

Masar ta gane wannan karatun. Ƙasar ta gaji cutar ne daga allurar maganin tsargiya da aka riƙa yi wa jama'a a ƙauyukan bakin Nilu, daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, da sirinjin gilashi da ba a dafa shi yadda ya kamata. A 2018 gwamnati ta fito da gangamin gwajin ƙasa baki ɗaya, aka gwada mutum sama da miliyan 50. Abin lura a nan: a teburin da aka tsaki yatsan mutum don cutar C, a nan aka auna masa suga da hawan jini da nauyi. A 2023 Masar ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matsayin zinariya a hanyar kawar da cutar. Mu a nan, inda har yanzu ake yin ƙaho da aski da allurar kemis ba tare da tabbacin tsaftar kayan aiki ba, mai katin hanta na layinsa, mai katin suga na nasa, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne. A ganinmu, duk asibitin da ya ce wa mutum yana da cutar C ya sallame shi bai auna sugansa ba, rabin aiki ya yi.

Gwajin ba shi da wuya. In aka auna sugan jini da safe kafin karin kumallo aka samu 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, aka maimaita aka sake samu, ciwon suga ne. Sai dai ga wanda hantarsa ta riga ta ƙandare, gwajin safe da gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan 'yan watannin baya, na iya nuna lafiya lau alhali suga na hauhawa bayan cin abinci, don haka likita kan auna shi bayan ya sha ruwan suga.

Labari mai daɗi shi ne cutar C tana warkewa, ko da yake ba ta da rigakafi irin na samfurin B. Magunguna kamar sofosbuvir da daclatasvir na warkar da sama da kashi 95 cikin ɗari, yawanci cikin mako 12, kuma da yawa daga masu suga kan ga nasu ya sassauta.

Amma a nan ne ake tuntuɓe. Da zarar ƙwayar cutar ta fara mutuwa, hanta ta koma jin maganar insulin, adadin maganin sugan da mutum ya saba sha sai ya iya yi masa yawa, sugan jininsa ya faɗi ƙasa sosai. Gumi ya keto masa, hannu ya ɗau rawa, jiri ya ɗebe shi a tsakiyar kasuwa, a ce iska ce ta buge shi. A 2018 hukumomin kula da magunguna na Turai suka yi gargaɗi a kan haka, suka ce a tsananta auna suga musamman a watanni 3 na farko. Don haka mai shan maganin suga ko mai allurar insulin, kafin ya haɗiyi ƙwayar farko ta maganin hanta, ya kai wa likitan suga takardar maganin, ya riƙa yawo da dabino ko alewa a aljihu. In kuma shan maganin zai faɗo cikin watan azumi, a zauna da likita tun watan Sha'aban a tsara yadda za a yi.