Kafin ka sake sa Windows, kada ka kwafi fayil ɗin .vdi shi kaɗai

Kwanan nan ƙorafi ɗaya ake ta yi: mutum ya goge Windows, ya dawo da kwamfutar cikin kwamfutarsa ta VirtualBox, ta tashi lafiya, amma aikin watanni ya ɓace, ta koma kamar ranar da aka girka ta. Ga inda matsalar take.

Da farko, kafin ka goge Windows, kashe kwamfutar ta VirtualBox gaba ɗaya daga cikinta. Kada ka bar ta a Saved, domin yanayin da aka adana yana iya ƙin tashi a sabon wuri.

 Yanzu buɗe jakar kwamfutar taka da ke cikin jakar VirtualBox VMs, wadda ke cikin jakar sunanka a faifan C. Ciki akwai fayil mai ƙarewa da .vbox, ɗan ƙarami, shi ke riƙe da saituna. Akwai babban .vdi, wato faifan. Sai jakar Snapshots, wadda yawancin mutane ke tsallakewa.

A nan za mu tsaya. Daga ranar da ka ɗauki Snapshot na farko, wato hoton yanayin kwamfutar da za ka iya komawa gare shi, VirtualBox ya daina rubutu a kan babban .vdi, ya kulle shi. Duk abin da ka girka ko ka rubuta bayan nan yana shiga sabon fayil cikin jakar Snapshots, mai dogon suna na lambobi da haruffa. Kowane sabon Snapshot yana jingine da na bayansa, kamar sarƙa. Ka ɗauki babban fayil kaɗai, tsohon yanayi ka ɗauka. Ka rasa zobe ɗaya a tsakiya, na gaba da shi sun tashi aiki. Shi ya sa Snapshot bai zama ajiya ba, tunda a faifan da za ka goge yake zaune.

Don haka kwafi jakar dukanta. Kuma duba tsarin faifan wajen da za ka kwafa a kai: in FAT32 ne, ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. Yi amfani da faifai mai tsarin exFAT ko NTFS.

Akwai wata hanyar a cikin VirtualBox, Export Appliance, mai fitar da kwamfutar a fayil ɗaya na OVA. Yana da tsabta, amma yanayin yanzu kawai yake ɗauka, Snapshots ba sa biyo shi. Ni dai na fi son kwafar jaka.

In da wata kwamfutar a kusa, gwada kwafin a can kafin ka taɓa goge komai.

Bayan sabon Windows: girka VirtualBox, da Extension Pack (ƙarin kayan aikinsa) mai lamba iri ɗaya da ta VirtualBox ɗin, in kana amfani da shi. Mayar da jakar, danna Machine, sai Add, zaɓi .vbox. Kada ka danna New.

In ta ƙi tashi, leƙa BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka tabbatar VT-x ko AMD-V, mai ba da damar tafiyar da kwamfuta cikin kwamfuta, a kunne yake. In tana tafiyar hawainiya, duba ko Hyper-V, tsarin Windows na tafiyar da kwamfuta cikin kwamfuta, a kunne yake, domin yana iya rage mata gudu. In kuma ta koka kan katin sadarwa, sunansa ne ya canza: shiga Network, ka sake zaɓarsa a ƙarƙashin Bridged Adapter.