Waɗanda Suka Riga Mu Sauka a Shikago

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam shugaba, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da suka kwana a kan tukunya saboda wannan taro, da 'ya'yanmu da ke can baya suna latsa waya, sannunku da zuwa. Waɗanda suka tuƙo mota tun daga Indiyana cikin wannan sanyi, Allah ya ba da ladan zumunci.

An ce in yi magana a kan rajistar zaɓe. Zan iso wurin, amma ku yi haƙuri in bi ta doguwar hanya.

Farkon zuwana garin nan ina da maƙwabciya, wata tsohuwa Ba'amurkiya baƙar fata. A lokacin, Allah ya yafe mini, ina cikin masu kiran baƙaƙen fatar Amurka da sunan rainin nan "akata", da cewa ba sa son aiki. Wata rana na taya ta kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, sai ta zaunar da ni. Ta ce tana 'yar ƙarama mahaifinta ya taso da su daga Misisipi da dare, ba su yi sallama da kowa ba don kada mai gonar da suke wa noma ya tare su. Guzurinsu soyayyar kaza ce a kwalin takalmi, domin babu tabbacin za a sayar musu da abinci a hanya. An cusa su a taragon da ke bin bayan injin, hayaƙi na shiga musu ido. Sai da jirgin ya haye kogin Ohio a garin Cairo na jihar Illinois aka bar su su zauna inda suke so. Na tashi a wurin jikina ya yi sanyi.

Irinta mutum wajen miliyan shida ne suka baro jihohin kudancin ƙasar nan daga wajajen 1910 zuwa 1970. A 1910, tara cikin goma na baƙaƙen fatar ƙasar nan suna kudu. Noman raba-daidai suke yi, amma littafin lissafi yana hannun mai gona, kowace kaka sai a ce ana bin ka bashi. Ƙwaro ya cinye auduga. Ana rataye mutum a bishiya ba alƙali ba shari'a. Ƙuri'a kuwa an toshe ta da haraji da jarrabawar karatu. Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, Turawa suka daina kwararowa, mayankar dabbobi da masana'antun ƙarfe na Shikago suka rasa hannu. Jaridar Chicago Defender, wadda Robert Abbott ya kafa a 1905, ta yi ta kiran mutane su taho, ma'aikatan jirgin ƙasa suna ɓoye ta suna kai ta kudu. Baƙaƙen Shikago da suke kimanin 44,000 a 1910 sun haura 100,000 a 1920.

Mu Hausawa ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu fatake sun yi Gwanja neman goro, sun kafa zango a Kumasi, sun kafa Sabo a Ibadan. Sai dai ɗan ci-rani yana komawa gida in damina ta faɗi, su kuwa ba su bar gidan da za a koma ba. Amma ku dubi inda muka yi kama: abin da mai masauki yake wa baƙo a zango, shi majami'unsu irin su Olivet Baptist suka yi, su tarbi mutum, su samo masa ɗaki da aiki.

Arewar ma ba aljanna suka tarar ba. A watan Yulin 1919 wani yaro ɗan shekara 17, Eugene Williams, yana iyo a tafkin Mishigan ruwa ya ja shi ɓangaren da farare suka ɗauka nasu. Aka yi ta jifa, ya nutse. Tarzomar da ta biyo baya ta ci rai 38. Gidaje kuwa yarjejeniya aka riƙa rubutawa cewa ba a sayar wa baƙin mutum, aka matse su a unguwar da muke kira Bronzeville.

To nan ne reshe ya juye da mujiya. Da aka tara su wuri guda, an tara ƙuri'unsu ke nan. A 1915 suka zaɓi Oscar De Priest, haifaffen Alabama, kansila. A 1928 suka tura shi majalisar tarayya, wadda rabon da baƙar fata ya zauna cikinta tun 1901. Mutumin da aka hana zaɓe a Misisipi ya zama wanda 'yan takarar shugaban ƙasa ke lallashi a Illinois. A 1983, bayan an yi wa sababbin masu zaɓe fiye da 100,000 rajista, Harold Washington ya zama magajin garin nan.

Ga inda maganar ta shafe mu. A shekara guda, 1965, Shugaba Johnson ya sa hannu a dokoki biyu: ta 'yancin zaɓe a Agusta, da ta shige da fice a Oktoba, wadda ta soke tsarin da ya fifita 'yan Turai. Guguwar gwagwarmayar mutanen nan ce ta taimaka wajen ture waccan ƙofa, ta nan yawancinmu muka shigo. Mun tarar da rijiya a gine, muna shan ruwa muna yi wa magina kallon banza. Ni dai na daina faɗin waccan kalma, a gidana ma ba a faɗinta.

Muna iya kwana muna musu a WhatsApp a kan wanda zai yi gwamna a Kano, amma cikinmu mutum nawa ya san sunan kansilan unguwarsa? Shi ne fa za mu je gabansa ranar da muke neman izinin faɗaɗa masallaci.

Akwai tebur a bakin ƙofa, matasanmu biyu na zaune da kwamfuta. Duk wanda ya zama ɗan ƙasa bai yi rajista ba, ya tsaya can kafin a buɗe kulolin tuwo. Mai katin zama kawai kada ya cike komai, doka ta hana, kuma abin na iya jawo masa kora. Malam shugaba, na gode. Wassalamu alaikum.