Amsoshin Tambayoyinku: Kogin da ke gudana a cikin kogon Jeita

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau daga wani ɗan kasuwa ta fito a birnin Kano. Ya ce abokin cinikinsa ɗan ƙasar Labanon ya gayyace shi hutu shi da iyalinsa, har ya yi masa alkawarin kai su wani kogo da sai da kwale-kwale ake shiga. Yana tambaya, shin da gaske kogi yana gudana a cikin dutse? Kuma babu haɗari a shiga da mata da yara?

To Alhaji, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Sunan wurin Jeita, yana kimanin kilomita 18 arewa da birnin Beirut, a kwarin kogin da Larabawa ke kira Nahr al-Kalb. Kogo biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, tsawonsu gaba ɗaya ya kusa kilomita 9. Na sama a ƙafa ake zaga shi, an gina hanya ta siminti mai tsawon mita 750 domin baƙi. Na ƙasa kuwa ruwa ne ya cika shi, shi ne ake shiga da ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki, a yi tafiyar kamar mita 500 a dawo.

Yadda kogi ya samu hanya a cikin dutse abu ne da ya kamata mu tsaya a kansa. Duwatsun wannan yanki irin dutsen nan ne da ake haƙa a yi siminti da shi, kamar wanda ake samu a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Ruwan sama idan ya ratsa iska da ƙasa yakan ɗauki ɗan tsami. Tsamin nan ba ka jinsa a baki, amma yana cin wannan dutse sannu a hankali. Ruwan ya bi tsaga, tsagar ta zama rami, ramin ya zama ɗaki, har a wayi gari kogi guda yana wucewa ta ciki. Aikin dubban dubban shekaru ne. Wani ɓangare na kogon sama, daga rufinsa zuwa ruwa ya haura mita 100.

Ruwan da ke ɗiga daga rufi kuma yana yin akasin haka. Kowane ɗigo yana barin ɗan ƙurar dutse a inda ya rataya da inda ya faɗa, sai ginshiƙai su riƙa tsirowa, wasu daga sama suna saukowa, wasu daga ƙasa suna hawa. A Jeita akwai wanda ya rataya daga rufi mai tsawon mita 8.2, yana cikin mafiya tsawo da aka sani a duniya. Irin waɗannan ginshiƙai sau da yawa sai sun shekara ɗari kafin su ƙara santimita ɗaya. Ka auna mita takwas da wannan lissafi, Alhaji, za ka gane dalilin da ya sa mutane ke yin shiru idan suka tsaya a gabansa.

Batun haɗari kuwa, ka kwantar da hankalinka. Tun 1958 aka buɗe kogon ƙasa ga jama'a, na sama kuma a 1969. Yaƙin basasar ƙasar ya sa an rufe wurin, aka sake buɗe shi a 1995. Akwai fitilu, akwai matuƙa da suka san ruwan. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne lokaci. Yanayinsu ba irin namu ba ne. Lokacin da muke cikin hunturu, su a sannan ake yi musu ruwa da ƙanƙara a kan duwatsu, kogin ya cika har jirgi ya kasa shiga, a rufe kogon ƙasa. Watannin damunarmu su ne raninsu, su ne kuma lokacin da ya fi dacewa. Kafin ka yanki tikiti, ka sa abokinka ya bincika ko wurin a buɗe yake, ka kuma bi labarin halin tsaro a ƙasar. A ɗauki rigar sanyi ga yara, domin cikin kogon ƙasa awon zafi ba ya wuce digiri 16 ko da waje ana zufa.

Akwai kuma wata 'yar'uwa daga Maraɗi da ta taɓa zuwa. Ta rubuto cikin ɓacin rai, ta ce an sa ta ajiye wayarta a bakin ƙofa, an hana ta hoto, an kuma hana ɗanta taɓa dutse. Tana tambaya, wannan ba tsanani ba ne ga wanda ya biya kuɗinsa?

Hajiya, na fahimci takaicinki, mutum yana so ya nuna wa 'yan gida abin da ya gani. Amma a nan ina bayan masu kula da wurin. Maiƙon hannun ɗan Adam idan ya taɓa ginshiƙi, ruwa ba ya ƙara zama a wurin yadda ya saba, sai girman ya tsaya, dutsen ya yi baƙi. Hannu ɗaya ba komai ba ne, amma hannun dubban baƙi a kowace shekara fa? Sannan ruwan da jirginku ya bi ta kansa, daga shi mutanen Beirut fiye da miliyan ɗaya ke sha. Neman asalin ruwan sha ma yana cikin abin da ya kai masu bincike na farko ciki. Wani ɗan mishan Ba'amurke, William Thomson, shi ya fara leƙawa a 1836, ya harba bindiga, amsa-kuwwar ta nuna masa cewa ramin na da zurfi ƙwarai. A 1873 injiniyoyin kamfanin ruwan Beirut suka shiga da ɗan jirgi suna bin asalin kogin. Saboda haka duk wanda ya jefa leda ko ragowar abinci a wannan ruwa, a randar wani ya jefa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Kumasi: ko Jeita shi ne kogon Ashabul Kahfi da Alƙur'ani ya ambata?

A'a, ɗan'uwa. Alƙur'ani bai faɗi sunan garin ba. Wuraren da aka fi dangantawa da ƙissar su ne wani kogo a ƙauyen Rajib kusa da Amman ta ƙasar Jodan, da wasu a Turkiyya, a Afasus da Tarsus. Jeita ba ya cikinsu.